Ƙuri'a Ta Shida

Ranar da shugaban tsangaya ya ɗage taron majalisa ba zato ba tsammani, a ranar ne Farfesa Eulogio Albornoz ya fara kallon abokansa da gefen ido.

Rigimar kuwa a kan shekarar tudu ake yin ta. Tun da aka kafa Tsangayar Aikin Gona, ba a ba ɗalibi digiri sai ya hau tudun Puna ya yi shekararsa ta ƙarshe a gidajen manoman dankali da makiyayan lama, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi, ya ci abin da suke ci, ya sha sanyin da suke sha. Shi Eulogio a can ya koyi rabin abin da yake koyarwa game da ƙasar noma, kuma a can ya bar ɗan yatsan ƙafarsa guda da sanyi ya cinye. Sai ga sabon shugaban tsangaya, Dakta Aníbal Saravia, mutum mai laushin murya da fararen riguna, ya zo da shawarar a soke shekarar baki ɗaya. Hujjarsa ita ce ɗalibai talakawa, masu aiki suna karatu, ba sa iya barin aikinsu shekara guda, don haka a nan suke watsar da karatun bayan sun sha wahalar shekara huɗu.

Sai dai shugaba ba ya taɓa manhaja shi kaɗai. Magana ce ta majalisar tsangaya, mai kujeru goma sha ɗaya na malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, kuma shi Saravia jagorantar zama kawai yake yi, ba shi da ƙuri'a. Mutum biyar suna bayansa. Shida suna bayan Eulogio. Abin da shidan nan suke so kawai a jefa ƙuri'a a wuce wurin, shi kuwa Saravia kullum sai ya sami dalilin jan ƙafa.

Kowace Laraba shidan suna haɗuwa a ɗakin gwajin ƙasa na Eulogio, tsakanin buhunan yumɓu da kwalabe. Akwai Nélida Chocobar mai koyar da kiwo, ƙawarsa tun suna ɗalibai, wadda ta riƙe 'yarsa a coci ranar baftisma. Akwai Fortunato Zerpa na sashen injuna, ƙato mai yawan dariya, da Gladis Yapura ta sashen tsirrai. Sai wakilan ɗalibai biyu, Leandro da Zulma.

A ɗakin nan suka shirya su kawo dattawan tudu su yi magana a gaban majalisa. Da dattawan suka iso, sai aka tarar Saravia ya riga ya tono wata tsohuwar doka da ta hana baƙo buɗe baki a zauren. A ɗakin nan kuma suka shirya su jefo maganar ƙuri'a kwatsam a ƙarshen taro, yadda ba zai iya kauce mata ba. Da safiyar ranar sai ga sanarwa an ɗage taron.

"Wai rufin zauren ne yake yoyo," in ji Gladis, ta jefar da jakarta a kan buhu. "A watan Agusta, tsakiyar rani! Yaushe rabonmu da ganin hadari?"

Fortunato ne yake zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙoƙo ɗaya, yana miƙa wa kowa bi da bi. Ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Mutumin nan ko dai boka ne, ko kuma ya ajiye kunnensa ɗaya a cikin buhunan nan. Eulogio, ka bincika yumɓunka."

Kowa ya yi dariya, ban da Eulogio. Ya karɓi ƙoƙon ya zuƙa, yana bin fuskokin da kallo ta saman tabarau. Nélida kuwa tana ta murza zoben hannunta.

Da aka tashi, Fortunato ya biyo shi har wurin ajiye motoci, ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, ni fa ban ce komai ba. Amma surukata tana zaune a layin su Saravia. Ta ce Lahadi biyu ke nan tana ganin wata tsohuwar mota koriya a ƙofar gidansa."

"Motoci koraye sun ƙare a garin nan ne?"

"Mai ƙofar baya ja, wadda ake ɗaurewa da waya?"

Eulogio ya gane motar Nélida ake nufi, ya ture hannunsa. "Fortunato, in ba ka da aikin yi ka je ka gyara tarakta. Neli ce fa. Neli!"

"Shi ya sa na ce ban ce komai ba."

Ya koma gida yana huci, ya ce wa matarsa Ofelia mutane ba su da kunya. Amma ranar Lahadi, bayan an fito daga coci, sai ya ce zai je ya sayo burodi, ya wuce gidan burodi uku, ya sami kansa a layin su Saravia. Motar tana nan, da jar ƙofarta da wayarta. Ya faka a ƙarƙashin wata bishiya ya lafe a kujera kamar ɓarawo. Can sai ga Nélida ta fito, matar gidan tana miƙa mata kwano a rufe da tsumma, shi kuma Saravia yana rako ta har bakin mota, yana ta magana yana kaɗa kai. Ta yi dariya ma. Dariyar nan ce ta fi tsaya masa a rai.

Daga ranar komai ya fara ma'ana. Sabon firjin da aka kai ɗakin gwajinta a watan jiya, bayan ta shekara uku tana roƙo. Ɗan ƙanwarta da ya gama digiri na biyu yana neman gurbin koyarwa. Yadda ta ce a wani zama, "Ya kamata mu ɗan saurari abin da yake faɗa a kan ɗalibai masu aiki." A lokacin ya ɗauka tausayi ne irin nata. Yanzu kuwa ya ga share fage ne.

"To ka tambaye ta mana," in ji Ofelia, tana yanka albasa. "Matar da ta wanke maka ƙafa da ta ruɓe a kan tudu, ita ce ba za ka iya tambaya ba?"

"In na tambaye ta za ta shirya mini amsa."

"In ba ka tambaye ta ba kai za ka shirya mata. Na san ka, Eulogio. Ka riga ka yanke hukunci, shaida kawai kake tarawa."

Bai tambaye ta ba. Abin da ya yi shi ne ya kira zama ranar Talata maimakon Laraba, ya gaya wa huɗun, bai gaya mata ba. Suna tsaka da magana ƙofa ta buɗe, sai ga Nélida riƙe da farantin empanada mai zafi, irin sambusar nan ta nama. Ashe Zulma ce ta gamu da ita a matakala, ta ce mata, "Malama, ba ki tafi taron ba?" ba tare da sanin an ɓoye mata ba ne.

Nélida ta ajiye farantin a hankali. Ta dubi kujerun, guda biyar ne cif, ba a ma jawo ta shida ba.

"Tsoho," haka take kiransa tun suna 'yan shekara ashirin, saboda yawan ɗaure fuskarsa, "an canja rana ne aka manta da ni?"

"Ba a manta ba."

"To?"

"Yaya abincin gidan Saravia? Na ga har da guzuri ake ba ki."

Leandro ya sunkuyar da kai. Nélida ta daɗe tana kallonsa.

"Bin bayana kake yi?"

"Na je sayen burodi ne."

"Gidan burodin ya yi nisa kuwa." Ta jawo buhu ta zauna a kai. "To tunda haka ne ku saurara. E, ina zuwa gidansa. Lahadi uku na je. Na so in kawo muku abu a kammale ne, don na san in na kawo shi ɗanye wannan tsohon zai tattake shi kafin in rufe baki. Saravia ya yarda a bar zango guda a kan tudu, daga shuka zuwa girbi, kuma mai aiki ya iya raba shi gida biyu. Sharaɗinsa ɗaya, mu shidan mu amince, a wuce da shi ba hamayya."

"Zango guda!" Eulogio ya daki teburi har kwalabe suka yi ƙara. "Wanda bai ga hunturu a can ba me ya gani? Yawon buɗe ido za mu tura yara?"

"Zango guda ya fi babu."

"Wa ya ce babu? Mu shida ne, su biyar!"

"Ka tabbata?"

A kunnensa barazana ce ta yi masa. Jini ya hau masa kai. "Ashe haka ne. To faɗa mana, me ya yi miki alkawari? Firjin ne kawai, ko har da gurbin ɗan ƙanwarki? Kuma dattawan da muka ɗauko tun daga tudu aka wulaƙanta su a bakin ƙofa, ke kika kai labarin ko?"

"Haba Farfesa," in ji Gladis a hankali.

Nélida ta miƙe. "Shekara talatin da biyar, Eulogio. Ku ci empanadar tun da zafi. A mayar mini da farantina ofis."

Bayan fitarta ba wanda ya taɓa farantin, sai Fortunato da ya ɗauki ɗaya yana cewa abinci bai yi laifin komai ba. Eulogio ya sa aka yi zagaye, kowa ya faɗa da bakinsa cewa bai yarda da zango guda ba. Duk suka faɗa. Ya lura Zulma ta faɗa tana kallon ƙasa, ya lura Leandro ya yi jinkiri, amma ya ce a ransa kunyar abin da ya faru ce.

Cikin makon sai ga abin mamaki. Saravia, mutumin da ya yi wata uku yana gudun ƙuri'a, shi da kansa ya kira taro, ya sa maganar shekarar tudu a kan gaba. Ba zango guda a ciki, sokewa ce ɗungurungum.

"Ya san ya sami ta shida," Eulogio ya ce wa Ofelia. "Kuma mun san ko wace ce."

Zauren ya cika ranar, ɗalibai har kan tagogi, wasu da kwalaye masu goyon baya, wasu da na adawa. Rufin kuwa ƙalau yake. Eulogio ya yi jawabi mai tsawo, ya kira sunayen ƙauyuka, ya kira sunayen tsofaffin ɗaliban da suka zauna can har yau. Aka yi tafi. Saravia ya gode masa da ladabi. Daga nan wani daga ɓangarensa ya nemi a yi ƙuri'ar sirri. Nélida ta ɗaga hannu ta ce a yi ta ɗaga hannu, kowa ya ga kowa. Saravia ya ce doka ta ba mai neman sirri dama, ba yadda zai yi.

Aka raba 'yan takardu. Da layi ya zo kanta, Nélida ba ta naɗe tata ba. Ta ɗaga ta sama, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta zo har gaban Eulogio ta sa masa ita a saitin tabarau. An rubuta A'A da manyan baƙaƙe.

"Malama Chocobar, wannan ya saɓa wa tsari," in ji Saravia.

"A rubuta cewa na saɓa," ta ce, ta jefa ta a akwatin.

Zuciyar Eulogio ta yi wani irin tsalle, kunya da murna a haɗe. Shida ke nan. Ya gyara zama yana jiran sakatariya ta gama ƙirga. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta karanta: masu goyon bayan sokewa shida, masu adawa biyar.

Bai ji ihun da ya tashi a zauren ba. Juyawa ya yi ya dubi mutum huɗun da ke zaune a jere da shi. Gladis ta rufe baki da tafin hannu. Fortunato ya miƙe yana zagin maciyin amana ko wane ne, har da uwarsa. Leandro ya ƙura wa akwatin ido. Zulma tana kuka.

A kwanakin da suka biyo baya kowannensu ya zo ofishinsa shi kaɗai ya rantse masa. Kowanne kuma ya bar masa ɗan abin tunani a kan wani. Gladis ta ce a tuna Leandro yana aiki a gidan mai, yana da mata da jariri, kuma baɗi ne shekararsa ta tudu. Leandro ya ce shi dai ya taɓa jin Zulma, wadda 'yar tudun ce, tana cewa ba ta gudo daga can don a mayar da ita da sunan karatu ba. Zulma ta ce ta ga an sa sunan Malama Gladis cikin masu tafiya taro birnin Buenos Aires. Fortunato kuwa cewa ya yi duk ukun bai yarda da su ba. Eulogio ya zauna yana juya su a ransa. Wani lokaci ya tabbata Fortunato ne, don wa ya fara nuna masa motar? Gari na wayewa kuma sai ya ga ai mai laifi ba zai yi zagi haka a bainar jama'a ba. Ko kuwa shi ne ma zai yi? Ya daina kiran zaman Laraba. In ya ji ana dariya a baranda ya shigo aka yi shiru, sai ya wuni yana tunanin me ake faɗa.

Nélida ta ajiye kujerarta ta majalisa. In sun haɗu a matakala takan ce, "Barka da rana, Farfesa," ta wuce. Wannan "Farfesa" ya fi masa mari ciwo.

Sai da masara ta nuna, cikin hutun Fabrairu, sannan Ofelia ta gaji ta ɗauko hularsa ta miƙa masa ta buɗe ƙofa. Ya tarar da Nélida a tsakar gidanta, ƙarƙashin rumfar inabi, da tulin ɗanyar masara a gabanta tana gogawa za ta yi humita, wani irin alale na masara. Ta ɗago ta gan shi, ta ci gaba da aikinta.

"Yau ma burodi ka fito saye?"

Ya cire hula. "Neli, na zo ne... Abin da na faɗa ranar nan..."

"Firjin wata jami'a ce a ƙasar Holan ta ba mu kyauta. Ɗan ƙanwata kuma yana garin Mendoza yana aikin inabi tun Yuli. Da ka tambaya."

"Na yi hauka. Ki yafe mini."

"Zauna, kana tare mini haske." Ta tura masa kujera da ƙafa, ta miƙa masa wuƙa da masara. "Ɓare, kuma kar ka yaga ɓawon, da shi zan naɗe."

Ya ɓare uku kafin ya iya tambaya. "Da kika ce in na tabbata mu shida ne, kin san wani abu?"

"Lahadin ƙarshe da na je, na ga rigar sanyin wani a rataye a zaurensa. Na gane ta. Kuma ranar Saravia bai matsa mini kamar da ba. Sai na san zango gudan nan shi ne abu na ƙarshe da za mu iya tsira da shi, kuma ba zai daɗe a kan teburi ba."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. "Rigar wa?"

"Ba zan faɗa maka ba."

"Neli, an ci amanarmu! An kai sirrinmu, an sa dattawa sun sha kunya!"

"An yi, kuma ban wanke wannan ba. Na je na faɗa wa mai rigar abin da ke raina, an yi kuka, an ba ni haƙuri." Ya kasa kunne ko za ta ce "shi" ko "ita", amma Nélida ta san shi sarai, ba ta zame ba. "Sai dai ƙuri'ar kanta ba sayen ta aka yi ba. Tun farko an ga Saravia yana da gaskiya a kan yara masu aiki. Tsoron faɗa maka aka ji. Wa zai ce maka a'a a ɗakin nan, kana dukan teburi? Ni da na gwada, ka ga abin da ka yi mini, ni da na riƙe maka 'ya. In na ba ka suna, me za ka yi wa mai shi?"

Ya yaga ɓawon da ke hannunsa, ta fizge ta ba shi wata.

"Saurara, Tsoho," ta ce, sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. "Sabuwar manhajar ta bar gurbin darasin zaɓi. Ina da yara tara da suka ce za su hau tudu don kansu. Ina bukatar wanda ya san ƙasa. Amma ni ce shugaba, kai mataimaki, kuma sai majalisa ta amince. Ni ba ni da kujera yanzu. Kai za ka nemo ƙuri'un."

"Wato in je in roƙi wanda ya sayar da ni."

"Ka roƙi duka huɗun, har da mutanen Saravia. Kuma roƙo na ce, ba ihu ba."

Ranar Litinin da aka koma, ya fara da ofishin Gladis, ta amince tun kafin ya gama bayani, har saurin ya so ya dame shi. Leandro ya yi tambayoyi da yawa a kan ko dole ne, da aka ce masa ba dole, ya ce zai goyi baya. Zulma ta ce za ta yi tunani, daga baya ta aiko cewa ta yarda, kuma gidan kakarta zai ɗauki ɗalibai biyu. Shi kuwa Fortunato, a garejin tsangaya ya tarar da shi, rabin jikinsa a ƙarƙashin tarakta.

"Ɗan'uwa!" Fortunato ya fito yana goge hannu. "Na ɗauka ka daina gaisawa da talakawa. Darasin zaɓi? Ka sa ni a ciki, ni zan tuƙa ku har can. Af, ka shirya da Neli ke nan? Madalla. Ni dama ban taɓa yarda ita ce ba."

Eulogio ya dube shi, ya dube shi. Fuskar nan dai ce, faffaɗa, da baƙin mai a goshi. Ya buɗe baki, ya tuna abin da aka ce masa, ya rufe.

"Babbar motar tsangayar tana tashi kuwa?" ya tambaya.

"In aka tura ta."

"To ka gyara ta kafin Afrilu."

Majalisa ta amince da darasin da ƙuri'a takwas, ta ɗaga hannu, kowa yana ganin kowa. Yara bakwai ne suka hau a ƙarshe, biyu sun fasa saboda aiki. Eulogio ya yi shekara huɗu yana raka su kafin ya yi ritaya, kuma har ya bar tsangayar bai san ko rigar wa Nélida ta gani ba.